JAWABI A KAN ZIYARARMU ZUWA GARIN BALIHONIS NA ƘASAR AYALAN

 

Tun ranar da muka dawo daga tafiyar nan ba mu huta da tambaya ba. A kara a tare mu, a bakin rumfa a tare mu, har gida ana biyo mu: wai Alhaji ina kuka je, me kuka gano, da gaske ne kuɗi a ƙasa ake tsinta? Shi ya sa shugabanni suka ce mu tsaya gaban jama'a mu faɗa sau ɗaya, kowa ya ji da kunnensa. Mu dai ba 'yan boko ba ne, iyakar karatunmu Islamiyya sai lissafin kasuwa. Saboda haka abin da ido ya gani, da abin da muka tambaya aka ba mu amsa, shi za mu kawo muku. In an ji kuskure a gyara mana.

Mu uku muka tafi, a watan Yuli na shekarar 2023: mu, da ƙanenmu, da Hajiya mai ɗakinsa. Dalilin tafiyar kuwa, ɗansu da ke aikin jinya a can aka yi wa haihuwa, ya aiko mana da takardar gayyata. Ƙasar sunanta Ayalan, tsibiri ne a yamma da Ingila. Da yawanmu muna haɗa su wuri ɗaya, to kada ka kuskura ka gaya wa mutumin Ayalan cewa shi Bature ɗan Ingila ne, ranka zai ɓaci. Ingila ta mulke su shekaru aru-aru, sai a 1922 gundumomi 26 suka samu 'yancin kansu, 6 na arewa suka zauna ƙarƙashin Birtaniya har yau. Kuɗinsu Yuro ne tun 2002. Bizar Ingila ba ta shigar da ɗan Nijeriya ƙasar, haka ma bizar Faransa ko Jamus. Tasu daban ake nema, kuma suna da ofishin jakadanci a Abuja. Babu jirgin da ya ɗauke mu kai tsaye, sai da muka ya da zango a hanya kafin muka sauka Dablin, babban birninsu.

Daga Dablin muka shiga jirgin ƙasa mai zuwa yamma. Tafiyar kamar awa biyu da rabi ce, ta ratsa kogin Shanon a garin Atlon, har muka sauka a wata 'yar tasha da ba ta kai girman rumfunan goro huɗu ba. Garin a takarda ana rubuta shi Ballyhaunis, amma a baki Balihonis suke cewa. Yana cikin gundumar Mayo. Da muka ji sunan sai muka yi dariya, muka ce ko Fulanin Adamawa sun riga mu zuwa ne, tunda ga Mayo Belwa a gida. Aka ce a'a, a harshensu na asali ma'anar sunan filin wata irin bishiya ce.

Jama'a, garin nan ƙarami ne ƙwarai. A ƙidayar 2016 mutum 2,366 aka samu a cikinsa. Unguwarmu kaɗai ta ninka shi. Manyan titunansa ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, ga wani ɗan rafi ya ratsa ta tsakiya, ga tsohuwar majami'a a kan tudu wadda ta haura shekara 500, wadda masu ibadarta suka bari a 2002 ta koma hannun mutanen gari. Da ka yi tafiyar minti goma sha biyar a ƙasa ka fita gari, sai gonakin ciyawa kore shar, an kewaye kowacce da shinge ko jeren duwatsu, shanu da tumaki suna kiwo babu makiyayi.

Abu na farko da ya rikita mu shi ne rana. A wannan lokaci na shekara sai kusan ƙarfe goma na dare take faɗuwa, kafin biyar da rabi na safe kuma ta fito. Kwanan farko Hajiya ta idar da La'asar ta zauna jiran Magariba har barci ya sace ta. An gaya mana in hunturu ya zo abin juyawa yake, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci duhu ya shiga. Ruwan sama kuwa ba ya neman izni: yayyafi da safe, rana da hantsi, yayyafi kuma da azahar. Abin da suke kira lokacin zafi, mu da rigar sanyi muka yi shi. Amma kuma ga wata ni'ima, ƙasar nan kaf babu maciji a dajinta.

Abu na biyu da ya ba mu mamaki, ranar Juma'a yaron nan ya ce mu shirya mu tafi masallaci, a ƙasa za mu je. Muka ɗauka wani ɗaki ne aka kama haya. Sai ga ginin masallaci sosai a wannan ƙauye. Ashe shi ne masallaci na farko da aka gina tun daga tushe da niyyar masallaci a duk ƙasar Ayalan, a 1987, tun kafin a gina babban na Dablin. Wanda ya gina shi ɗan kasuwa ne mutumin Pakistan, sunansa Sher Rafique. Ya zo garin a farkon shekarun 1970 ya kafa kwata ta zamani, ana yanka bisa ƙa'idar Musulunci ana fitar da naman zuwa ƙasashen Larabawa. Da aiki ya bunƙasa sai ya kawo mahauta daga Pakistan da Siriya, su kuma suka kawo iyalansu. Kamfanin nasa ya durƙushe a 1992, masana'antar ta koma hannun wasu, amma mutanen da ya kawo ba su tashi ba, jikokinsu muka gani a sahu.

To ku duba wannan labari da kyau. Fatauci ya kawo mutum ɗaya, shi ya jawo 'yan uwa, aka yi masallaci, aka yi aure, aka haihu, aka binne na binnewa. Wane ne a cikinmu bai san wannan labarin ba? Ai haka shanu da goro suka kawo kakanninmu nan inda muke zaune. Daga baya kuma mutane suka yi ta zuwa garin daga Folan da Barazil da sauran wurare saboda aikin nama da na kaji, ga kuma masu neman mafaka da muka tarar an ajiye a wani tsohon gidan mata masu hidimar coci. A ƙidayar 2016 ɗin nan, kusan mutum 40 cikin 100 na garin ba 'yan ƙasa ba ne, kuma babu garin da ya kai shi yawan baƙi a duk ƙasar in an yi lissafi bisa ɗari.

Yanzu bari mu zo kan abin da 'yan kara suke jira. Mun roƙa aka kai mu kasuwar shanu a wani gari da ke kusa. Kasuwar a cikin gini take. Ana koro saniya ta hau sikeli, nauyinta ya fito a allo tare da shekarunta da yawan gonakin da ta zauna, sannan ta shigo wani da'ira, mai gwanjo yana zuba magana kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Masu saye suna jingine a jikin ƙarfe, wani ya ɗaga yatsa, wani ya ɗan gyaɗa kai, cikin minti ɗaya an sallama. Wasu ma suna gida suna tayawa ta waya. Shanunsu ba su da tozo, yawancinsu babu ƙaho, amma fa akwai nama.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne takarda. Kowane maraƙi, cikin 'yan makonni da haihuwarsa, ana maƙala masa lamba ruwan ɗorawa a kunnuwa biyu, a shigar da shi rajistar gwamnati, a ba shi katinsa kamar fasfo. Duk inda ya koma sai an rubuta. Kowace shekara likitan dabbobi yana gwada garke saboda tarin fuka, in an samu cuta a rufe gonar, ba shiga ba fita. Saboda haka saniyar sata ba ta da inda za ta shiga. Ƙanenmu, wanda ya taɓa kwana a hannun hukuma saboda ya sayi sa bai san na sata ba ne, ya daɗe yana kallon lambar nan bai ce uffan ba. Wannan tsari shi ya sa ƙasashen duniya suka yarda da namansu. Mutanen ƙasar miliyan 5 ne da 'yan kai a ƙidayar 2022, shanunsu kuwa sun kai wajen miliyan 7, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na naman shanun waje ake kai shi. Abincin rani kuma, wato na hunturu a wajensu, ciyawa ce ake yanka tun tana ɗanya a naɗe ta cikin baƙar leda, dunƙule-dunƙule kamar ganguna, ta tsumu ta jira lokacin da sanyi zai hana kiwo. Harawarmu ce dai aka yi wa dabara.

Kilomita kamar 11 daga Balihonis akwai wani ƙauye da ake rubutawa Knock, a faɗa Nok, kamar Nok namu na kudancin Kaduna. Wurin ziyara ne na mabiya ɗariƙar Katolika. A faɗarsu, ranar 21 ga Agusta 1879 mutum 15 na ƙauyen suka ce sun ga Nana Maryamu a jikin bangon majami'a. Tun daga nan ake zuwa, har Fafaroma John Paul na biyu ya zo a 1979, Fafaroma Francis kuma a 2018. Mun je a matsayin baƙi masu kallo, aka karɓe mu da mutunci, ba wanda ya dube mu da hula da babbar riga ya yi wata magana. Abin da ido na ɗan kasuwa ya gano a can shi ne filin jirgin sama. Limamin majami'ar, Monsinyo James Horan, shi ya dage sai an yi wa yankin filin jirgi a kan wani tudu mai taɓo da hazo. Aka yi ta yi masa dariya, tallafin gwamnati ya tsaya a tsakiyar aiki, ya bi jama'a gida da waje yana neman gudummawa har aka gama. An buɗe filin a watan Mayu 1986, shi kuma ya rasu a watan Agusta na shekarar. Yau 'ya'yan yankin da ke aiki a Ingila ta nan suke sauka su ga iyayensu.

Washegari aka kai mu gidan tarihin rayuwar karkara da ke Turlough, kusa da Kasilba, hedikwatar gundumar. An buɗe shi a 2001, shiga kyauta ne, kuma kayan da ke ciki na talakawan ƙauye ne daga 1850 zuwa 1950. A nan Hajiya ta riƙe baki. Ga ɗakin jinka, ga tukunyar ƙarfe mai ƙafa uku, ga kujera da igiya da kandun kaji duk na saƙar ciyawa, ga abin kaɗa nono a fitar da mai, ga mangalar jaki. Ta ce, "Alhaji, ashe su ma daga nan suka taso?" Muka ga kuma irin makamashinsu na da, wata baƙar ƙasa ce da ake yankowa daga fadama kamar tubali, a shanya ta bushe, a hura wuta da ita. Har yanzu wasu gidajen ƙauye suna amfani da ita, kuma ƙamshin hayaƙinta daban ne.

Daga nan muka wuce Wesfot, gari mai kyau a bakin teku, sannan gindin wani dutse mai tsini da ake kira Croagh Patrick, tsayinsa mita 764. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yuli dubban mutane suke hawansa don ibada, wasu ma ba takalmi. Mu dai gwiwa ba ta ba mu dama ba, mun ɗan taɓa hawa muka tsaya muna kallon teku da ƙananan tsibirai birjik a cikinsa, waɗanda mutanen wurin kan ce wai sun kai yawan kwanakin shekara.

A gindin dutsen nan ne muka ga abin da ya sa jikinmu ya yi sanyi. Wani jirgin ruwa ne aka ƙera da tagulla, igiyoyinsa duk siffar ƙasusuwan mutane. Shugabar ƙasa Mary Robinson, wadda ita ma 'yar Mayo ce, ta buɗe shi a 1997 don tunawa da babbar yunwa. Ga yadda abin ya faru. Talakawan ƙasar ba su mallaki gona ba, haya suke yi a hannun manyan masu ƙasa, da yawansu suna zaune a Ingila. Hatsi da dabbobi na biyan haya ne, abin da iyali za su ci kuwa dankalin turawa ne kaɗai, safe da rana da dare. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin yana ruɓewa a cikin ƙasa, ta kuma maimaita shekara bayan shekara. Zuwa 1852 kimanin mutum miliyan 1 sun mutu, wasu fiye da miliyan 1 sun tsere a jiragen ruwa zuwa Amurka da Kanada da Ingila, da yawa suka mutu a hanya. Duk wannan lokaci ana ci gaba da fitar da abinci daga ƙasar zuwa kasuwannin waje. Cikin waɗanda suka aiko da taimako akwai Sarkin Daular Usmaniyya, Sultan Abdulmajid, wanda ya ba da fam 1,000 a 1847. Gundumar Mayo tana da mutum fiye da 388,000 a 1841. A 2022 ba ta kai 140,000 ba. Ku auna wannan. Shekara fiye da 170 ke nan, har yau gurbin bai cike ba. Duk wanda ya ji labarin yunwar da aka yi a Arewa daga bakin kakanni ya san abin da ake nufi da dogara ga abu ɗaya.

Amma mutanen nan ba su zauna kuka ba. A watan Afrilu 1879 manoma dubbai suka taru a wani ƙauye da ake kira Irishtown, ba nisa da Balihonis, suka ce haya ta yi yawa, korar mutane daga gona ta isa. Jagoransu Michael Davitt ɗan Mayo ne, wanda aka kori iyayensa daga gona yana yaro, ya kuma rasa hannunsa na dama a injin masaƙa a Ingila yana ɗan shekara 11. A 1880 suka gwada wata dabara a kan wani wakilin mai ƙasa, Kyaftin Boycott, a kusa da tafkin Mask. Ba su taɓa lafiyarsa ba. Ma'aikata suka bar gonarsa, masu kanti suka ƙi sayar masa, har mai kawo wasiƙa ya daina zuwa. Sai da aka kawo 'yan girbi daga arewacin ƙasar da rakiyar sojoji, kuɗin tsaron ya ninka darajar amfanin gonar sau da yawa, shi kuma ya tattara ya bar wurin. Daga sunansa Turawa suka samu kalmar da suke kiran ƙaurace wa mutum. A hankali dokoki suka canja, har manoma suka mallaki gonakin da suke nomawa.

Wani dattijo manomi da muka zauna da shi a kan benci ya gaya mana cewa a gidansu su takwas aka haifa, shida sun tafi Ingila da Amurka neman abinci. Ya ce shi ya sa in ya ga baƙo da jaka yakan tuna 'yan uwansa. Ba za mu ce kowa haka yake ba. Yaronmu ya faɗa mana akwai masu ƙunƙuni, musamman a kan ƙarancin gidajen haya, kuma ya taɓa jin maganar da ba ta yi masa daɗi ba. Amma mun ga wata dabara da garin ya yi. Suna da wasanninsu na gargajiya, ƙwallon da ake bugawa da hannu da ƙafa, da wani na sanda mai faɗin baki, kuma 'yan wasan ba a biyansu albashi, don sunan gari suke yi. Ƙungiyar wasan garin ta riƙa bi tana gayyato 'ya'yan baƙi, har ta ware rana musamman domin haka. Da yamma muka ga yara, wannan iyayensa daga Pakistan, wancan daga Afirka, wancan ɗan gari, duk riga iri ɗaya. Kuma kowa a Mayo, baƙo da ɗan gari, ciwo ɗaya ke damunsa: tun 1951 rabon gundumar da ɗaukar kofin ƙasa na ƙwallon nan, sun sha zuwa wasan ƙarshe suna dawowa hannu rabbana.

Saura nasiha ga masu niyya. Wanda zai je ziyara ya tanadi rigar ruwa da takalmi mai rufi. Kada ya ɗauki kilishi ko dambun nama ko man shanu, doka ta hana shiga da nama da kayan nono daga ƙasashenmu. Mu ma sai da yaron ya yi ta nanatawa a waya kafin Hajiya ta haƙura ta cire nata daga jaka. Mota a hannun hagu suke tuƙi, saboda haka a duba dama kafin a tsallaka titi. Motocin haya a ƙauye ba su da yawa, in ba mai kai ka, yawancin wuraren nan da muka lissafa za su yi maka wuyar zuwa.

Ga matasanmu kuma, masu cewa a sayar da rumfa a ba su kuɗin jirgi, ku saurara. Zancen nan da ake yi cewa duk wanda aka haifa a Ayalan ya zama ɗan ƙasa, ya daina aiki: sun yi ƙuri'ar raba gardama a 2004 suka soke shi, sabuwar dokar ta fara aiki a farkon 2005. Bizar ziyara ba ta ba ka izinin aiki. Yaron da muka je wurinsa da takardar karatunsa ya tafi, aiki na jiransa, duk da haka mun ga yadda haya da haraji da kuɗin ɗumama ɗaki suke cinye albashin tun kafin wata ya raba. Masu jiran mafaka kuwa, wasu sun yi shekaru ba su san matsayinsu ba. Wanda zai tafi ya tafi ta ƙofa, da sana'a a hannu.

Ranar da za mu taho, uban yaron ya ɗauki jikarsa babba, 'yar shekara biyar, ya ce mata, "Ina wuni?" Ta dube shi ta yi murmushi, ta waiwaya wajen uwarta a fassara mata. Bai yi magana ba har muka shiga jirgin ƙasa. Su kansu mutanen Ayalan wannan ciwon suke jinya: harshensu na asali yana kan kowane allon hanya, ana koyar da shi a kowace makaranta, amma a kasuwa Turanci muka ji ana yi, sai a wasu 'yan yankuna na bakin teku ne ake magana da shi yau da kullum. Mun bar wa yaron amana cewa in an rufe ƙofar gida, Hausa za a yi. Wannan amana kuwa ba sai an haye teku take hawa kan mutum ba, kowa ya koma gida yau ya gwada jikansa.

Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Wanda yake da tambaya, musamman 'yan kara a kan zancen lambar kunne, muna nan bayan an tashi.